Daga Zagami zuwa duniyar Mars: Dutsen Katsina da tambayar ko ɗan Adam shi kaɗai ne

Garin Tungan Maje yana zaune ne a gefen babbar hanyar da ta taso daga Zuba ta nufi Gwagwalada, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan gwamnatin tarayya da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja a nan suka samu matsuguni. Wanda ya fito bayan sallar Asuba yana jiran motar zuwa Sakatariya, idan babu hadari kuma babu ƙurar hunturu, zai iya ganin taurarin da fitilun Wuse da Maitama suka daɗe da ɓoye wa mazaunansu. Akwai Gamzaki idan lokacinsa ne, akwai Kaza da 'Ya'yanta, a wasu watanni kuma akwai wani ɗigo mai jaja-jaja wanda ba ya ƙyalƙyali irin na sauran. Wannan ɗigon ita ce duniyar Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrikh.

Hanyoyi biyu ne suka fita daga garin da suka shafi wannan ɗigo. Ta kudu tana kaiwa mahaɗar Giri, ta bi titin filin jirgin sama zuwa Lugbe, inda hedikwatar Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, take. Ta arewa kuwa tana ratsa Zuba da Kaduna, ta kai Funtuwa, daga nan sai yankin Faskari a Jihar Katsina. Galibin mutane sun ɗauki tambayar ko akwai rai a wata duniya ban da wannan a matsayin zancen Turawa, ko kuma na bidiyon bogi da ke yawo a wayoyi ana cewa an kama wasu halittu masu manyan idanu. Amma a ƙarshen wannan hanya ta arewa akwai wani wuri da sunansa ke cikin kusan kowane littafin da ya yi bayanin duwatsun Mars, wato Zagami.

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, kwana biyu bayan bikin cikar Najeriya shekara biyu da samun 'yanci, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da Dutsen Zagami sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, hayaƙi ya tashi, wani abu ya daki ƙasa kimanin ƙafa goma daga inda yake tsaye. Abin ya nutse cikin rami mai zurfin kusan ƙafa biyu. Da aka tono shi sai aka ga baƙin dutse ne mai nauyin kimanin kilo 18. Bahaushe ya daɗe da sanin abin da yake kira gatarin aradu, ko da yake masana tarihin ƙasa sun nuna cewa waɗannan sassaƙaƙƙun duwatsu makaman mutanen dā ne. Wannan kam daga sama ya zo da gaske. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, aka ajiye.

A wancan lokacin babu wanda ya san daga ina ya fito, a Kaduna ko a Landan. An dai lura yana kama da wani dutse da ya faɗo a Shergotty ta ƙasar Indiya a 1865, kuma dukkansu ba su kai sauran duwatsun sama tsufa ba. Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama sun haura shekara biliyan huɗu da rabi. Na Zagami kuwa narkakken dutse ne irin na aman wuta da ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Kenan ya fito ne daga wata babbar duniya da cikinta bai huce ba har zuwa wannan lokaci.

Amsar ta zo ne a hankali. A 1976 kumbunan Amurka biyu masu suna Viking suka sauka a Mars, suka auna sinadaran siririyar iskar da ta lulluɓe ta. A 1983 masu bincike suka gano cewa iskar da ta maƙale a cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika ta yi daidai da abin da Viking ya auna. A 1995 aka samu irin wannan iska a cikin ƙananan aljihunan gilashi da ke jikin dutsen Zagami. Bayanin masana shi ne, kimanin shekara miliyan uku da suka wuce wani ƙaton dutse ya daki Mars da ƙarfin da ya wancakalar da ɓaraguzanta zuwa sarari. Zafin bugun ya narkar da wasu sassan dutsen, suka daskare nan take da iskar wurin a cikinsu, tamkar yadda kumfa ke maƙalewa a cikin kwalba. Daga nan ya yi ta kewaya rana har ya zo ya ƙare a gonar Bakatsine.

Darajar dutsen ba a girmansa kaɗai take ba. Daga cikin duwatsun sama fiye da 77,000 da aka yi wa rajista a duniya, kimanin 400 ne aka tabbatar na Mars ne, kuma daga cikinsu biyar kacal aka ga faɗowarsu da ido aka ɗauke su da wuri: Chassigny a Faransa a 1815, Shergotty a 1865, Nakhla a Masar a 1911, Zagami a 1962, sai Tissint a Maroko a 2011. Uku daga cikin biyar ɗin a Afirka suka sauka. Sauran duk tsintuwa ce, sun shafe ɗaruruwa ko dubban shekaru a cikin rairayi ko ƙanƙara, ruwa da gishiri da ƙananan halittun wannan duniya sun shige su. Ga mai neman alamar rai wannan babbar matsala ce, domin idan ya ga wani abu a cikin dutsen da ya daɗe a ƙasa, da wuya ya rantse cewa ba a nan ya kwaso shi ba.

Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya tun da wuri: babu alamar rai a jikin dutsen Zagami, kuma ba a sa ran samu. Dutsen da ya fito daga wuta ba ya adana gawar halitta. Abin da ya tabbatar wani abu ne daban mai nauyi, cewa duniyoyi suna jifan juna da duwatsu, kuma ɓangaren wata duniya yana iya isowa wata ba tare da ya ƙone ƙurmus ba. Idan haka ne, to ko da an samu ƙwayar halitta a Mars gobe, za a sake buɗe wata tambayar: a can ta samo asali, ko 'yar uwar ta nan ce da dutse ya yi wa jigila a zamanin da ya shuɗe?

Darasin 1996

Waɗanda suka manyanta za su iya tuna watan Agustan 1996, lokacin da wasu masana na hukumar NASA ƙarƙashin David McKay suka sanar cewa sun ga abin da ya yi kama da burbushin ƙananan halittu a cikin wani dutsen Mars mai suna ALH84001, wanda aka tsinto a Antatika a 1984. Har Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi a kai. Jaridu suka ɗauka da zafi. Amma cikin shekarun da suka biyo baya wasu masu bincike suka nuna a ɗakunan gwaje-gwaje cewa zafi da ruwa da ma'adinai kaɗai suna iya samar da kusan duk siffofin da aka gani, ba tare da sa hannun wata halitta ba. A yau mafi yawan masana ba su ɗauki wannan dutse a matsayin hujja ba.

Wannan ne ya sa aka yi taka-tsantsan da sanarwar ranar 10 ga Satumba, 2025. Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a ramin Jezero a watan Fabrairun 2021, ta tarar da wani dutse a watan Yulin 2024 a tsohuwar hanyar kogin da ya taɓa kwarara cikin ramin. Aka sa masa suna Cheyava Falls. Laka ce da ta daskare, kuma a jikinta akwai ɗige-ɗige kamar na fatar damisa, masu ɗauke da ma'adinai biyu na ƙarfe, ɗaya haɗe da sinadarin fosfet, ɗaya da farar wuta. A wannan duniya irin waɗannan ma'adinai sukan samu ne a inda ƙananan halittu suka ci abinci a cikin laka. Joel Hurowitz na Jami'ar Stony Brook da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a mujallar Nature, suka kira shi alamar da mai yiwuwa ta rai ce. Ba su ce sun samu rai ba, kuma sun bayyana cewa ba a kawar da yiwuwar wata hanyar da ba ta halitta ba.

Abin da zai raba gardama shi ne a kawo dutsen gida. Na'urorin da mota za ta iya ɗauka zuwa Mars ƙanana ne, waɗanda za su iya yanke hukunci kuwa wasunsu sun kai girman ɗaki. Perseverance ta haƙo ɗan yanki ta rufe a cikin bututu, yana can yana jira. Shirin ɗauko shi ya cije saboda kuɗi, bayan wani kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2023 cewa zai iya lashe har dala biliyan 11. China kuma ta sanar da nata shirin, Tianwen-3, na tashi a 2028 da dawowa da samfur wajen 2031. Duk wanda ya san wannan lissafi zai sake duban dutsen kilo 18 da ya sauka a Katsina ba tare da an kashe ko sisin kwabo ba.

Nesa da Mars

Ba Mars kaɗai ake dubawa ba. A watan Oktoban 2024 aka harba kumbon Europa Clipper zuwa ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupiter, wanda ake kyautata zaton akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ƙanƙararsa, kuma sai 2030 zai isa. Ƙurar da aka ɗebo daga dutsen sarari mai suna Bennu, wadda ta iso a 2023 kuma ba ta wuce giram 122 ba, an samu 14 daga cikin sinadaran amino asid 20 da jikin halittu ke gina kansa da su a cikinta. Wato tubalan ginin rai a warwatse suke a sarari. Amma tarin tubali ba gida ba ne, kuma har yanzu kimiyya ba ta iya bayyana yadda aka tashi daga sinadari zuwa halitta mai ci da haihuwa ba.

Kafin 1995 ba a san ko duniya ɗaya da ke kewaya wani tauraro irin rana ba, sai da Michel Mayor da Didier Queloz na Switzerland suka gano ta farko, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Zuwa Satumban 2025 adadin da aka tabbatar ya kai 6,000. Ɗaya daga cikinsu ma Najeriya ce ta raɗa mata suna: a 2019, a wani shiri na Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, aka sa wa tauraron HD 43197 suna Amadioha, duniyar da ke kewaya shi kuma Equiano, don tunawa da Olaudah Equiano, marubucin da aka sayar bawa yana yaro. Ƙatuwar duniyar iska ce irin Jupiter, ba wurin zama ba.

Wadda ta fi jan hankali ita ce K2-18b. A watan Afrilun 2025 Nikku Madhusudhan na Jami'ar Cambridge ya sanar cewa madubin hangen nesa na James Webb ya nuna alamar wani sinadari a iskarta wanda a nan duniya ƙananan tsirran teku ne suka fi samar da shi. Ba a yi wata guda ba wasu masana suka sake nazarin bayanan suka ce alamar ta yi rauni ƙwarai, kuma wasu sinadarai daban suna iya bayyana ta. Babu kuma mai zuwa ya duba. Haske yana shafe shekara 124 kafin ya iso daga can, kuma a shekara ɗaya yana cin kilomita kusan tiriliyan tara da rabi. Kumbon Voyager 1, da ke tafiya tun 1977, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakanin rana da tauraro mafi kusa da ita. Wannan lissafi kaɗai ya isa amsa ga masu yaɗa bidiyon baƙi daga sama.

Tambayar ba baƙuwa ba ce a zauren malamai. Aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittu masu motsi da Allah Ya watsa a sammai da ƙasa, kuma masu tafsiri sun yi maganganu mabambanta a kan abin da ake nufi. Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya tsaya a kan cewa babu abin da zai hana ikon Allah halittar dubban duniyoyi bayan wannan. Saboda haka mai imani ba shi da dalilin fargabar sakamakon bincike, ko wane ɓangare ya faɗa. Matsayin kimiyya a yau dai a taƙaice yake: wuraren da rai zai iya zama suna da yawa fiye da yadda aka zata, amma ba a samu tabbatacciyar shaida ko ɗaya ba.

Abin da ya faru a Agadas

A watan Nuwamban 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci wani dutse a hamadar yankin Agadas ta Jamhuriyar Nijar, mai nauyin kilo 24.67. Aka yi masa rajista da lamba NWA 16788, kuma shi ne yanki mafi girma na Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa, matsayin da Zagami ya riƙe shekaru da dama. Dutsen ya bi ta Italiya, inda aka yi nazarin ɗan yankinsa a Jami'ar Florence, sannan ya ɓulla a birnin New York. Ranar 16 ga Yuli, 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi dala miliyan 5.3 idan an haɗa da kuɗin la'ada. Ba a bayyana mai sayarwa ba, ba a bayyana mai saye ba.

Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda dutsen ya fita daga ƙasar, Shugaba Abdourahamane Tiani kuma ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da na sama. Kamfanin ya ce an bi duk ƙa'idojin da suka dace wajen fitar da shi. Ko ma wane ne ke da gaskiya, abin da ya bayyana shi ne hukumomi sun farga ne bayan an buga guduma. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Najeriya ta riga Nijar ɗanɗana irin wannan, sai dai tata ta zo cikin ruwan sanyi. Shekaru bayan ajiye dutsen Zagami a Kaduna, wani ɗan kasuwar duwatsun sama Ba'amurke, Robert Haag, ya samu babban kaso daga cikinsa ta hanyar musaya. Daga nan aka yi ta yanka shi sala-sala, ya bazu a gidajen tarihi da jami'o'i da hannun masu tara kayan marmari, har ana sayar da shi giram-giram. Adalci ne a ce wannan bazuwar ta amfani ilimi, domin Zagami yana cikin duwatsun Mars da aka fi nazari a duniya. Amma adalci ne kuma a tambaya nawa ne daga cikin ɗaliban ilimin ma'adinai na Zariya da Jos da Abuja suka taɓa ganin ko ƙwaya ɗaya da idonsu.

Ba Zagami kaɗai ba ne. Wani dutsen ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, wani kuma a yankin Gujba, a Jihar Yobe ta yanzu, a watan Afrilun 1984, kuma na Gujba wani nau'i ne da ba kasafai ake samu ba. Arewa fili ce mai faɗi, ƙasa a buɗe, manoma da makiyaya a waje dare da rana, don haka abin da ya faɗo da wuya ya ɓace ba a gani ba. Zai sake faruwa, ko a baɗi ko bayan shekara talatin.

A nan ne maganar ta dawo teburin ma'aikacin gwamnati. An kafa NASRDA a 1999, an harba NigeriaSat-1 a 2003, kuma a Disamban 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken sararin samaniya. Duk da haka Najeriya ba za ta aika mota Mars nan kusa ba, kuma babu laifi a hakan, ƙasar da ke fama da wutar lantarki da albashi tana da abin da ya fi gaggawa. Gudummawar da take iya bayarwa mai arha ce ƙwarai. Dutsen sama ya faɗa tsakanin ofisoshi da dama: Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da ke Utako za ta gan shi a matsayin ma'adini, Hukumar Gidajen Tarihi za ta gan shi a matsayin kayan gado, NASRDA za ta ce na sarari ne, jami'in Kwastam a filin jirgi kuwa baƙin dutse kawai zai gani a cikin jaka. Abin da kowa ke da hannu a ciki shi ne ya fi saurin zama marar mai shi. Takarda guda da ta fayyace wa za a kira, wa zai ajiye, kaso nawa zai zauna a gida, da kuma ladan da za a ba wanda ya tsinta don kada dillali ya riga gwamnati zuwa, ba za ta ci kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba.

Ilimin da dagaci ko malamin gona ke buƙata ma bai wuce layi kaɗan ba. Kada a wanke dutsen, kada a fasa shi don rabo ko neman zinariya a ciki, a guji taɓa shi da hannu tsirara, a naɗe shi a cikin abu mai tsabta a ajiye a busasshen wuri, a rubuta rana da sa'a da daidai inda ya faɗo. Kwanakin farko su ne ke bambanta dutsen da zai iya amsa tambaya da wanda zai zama abin ado kawai.

Wani ɗan ƙaramin yanki na dutsen Zagami ya riga ya koma inda ya fito. Masanin Jami'ar Jihar Arizona, Philip Christensen, ya liƙa shi a jikin wata na'urar da ke cikin kumbon Mars Global Surveyor, wanda aka harba a watan Nuwamban 1996, ya isa Mars a Satumban 1997. Kumbon ya daina magana da ƙasa tun Nuwamban 2006, amma bai faɗo ba tukuna, yana nan yana kewaya jar duniyar da ɗan guntun dutsen a jikinsa.